Bayani A Kan Makunnin Fitila Mai Wayo, Da Sharuɗɗan Zaɓensa Da Saita Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam wuta, ya sanar da shi hanyar kunna ta da hanyar kashe ta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da fatake da 'yan kasuwa, wannan bayani ne a kan wani kaya da ya shigo kasuwanninmu a 'yan shekarun nan, watau makunnin fitilar lantarki wanda a ke ce da shi mai wayo. Shi makunni ne da a ke kafawa a bango kamar sauran, amma ban da yatsa yana jin umarni daga wayar hannu, yana kuma iya kunna fitila ko kashe ta da kansa a lokacin da aka yanka masa. Masu gina sababbin gidaje sun fara nemansa, 'yan kasuwa kuma suna ɗauko shi daga ƙasar Sin katan-katan, alhali kuwa da yawa daga masu saye da masu sayarwa ba su san sharuɗɗansa ba. Maganar da za mu kafa a nan guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: makunni bara ne, kada mutum ya sayi wanda zai mai da shi baƙo a cikin gidansa. Wanda ya cancanci a saya shi ne wanda ya ke jin hannu ko da babu intanet, ya san abin da zai yi sa'ad da aka dawo da wuta, kuma ragamarsa ba ta hannun wani kamfani mai nisa.

Fasali na farko: asalinsa da yadda ya ke aiki

Ka sani, ya kai mai karatu, makunni na gargajiya ƙofa ce a kan hanyar wuta. In ka danna, ƙarfe biyu su haɗu, wuta ta wuce zuwa ƙwan fitila. In ka sāke dannawa su rabu, hanya ta yanke. A shekarar 1884 wani Bature mai suna John Henry Holmes, a birnin Niyukasil na Ingila, ya ƙago makunnin da ƙarafansa ke rabuwa farat ɗaya, don kada tartsatsi ya daɗe a tsakaninsu ya cinye su. A 1959 Joel Spira na Amurka ya ƙago ƙaramin makunni mai rage haske da ƙara shi, wanda ke shiga akwatin bango, ya kuma kafa kamfanin Lutron a 1961. A 1975 aka fito da tsarin X10 a ƙasar Sikotilan, wanda ke aika umarni ta cikin wayoyin wutar gida su kansu. Daga nan aka yi ta gyara, har aka iso ga irin na yau mai jin umarni ta iska.

A cikin makunni mai wayo akwai abu uku. Na farko, ƙofar wuta, wadda maganaɗisu ke buɗewa da rufewa, ita ce ka ke jin ƙararta ƙwas in ya kunna. Na biyu, wata 'yar ƙwaƙwalwa mai riƙe umarni da lokaci. Na uku, ɗan rediyo mai sauraron kira. To, tun da shi ke dole ya kasa kunne dare da rana, lalle ne shi kansa yana bukatar wuta ko da fitila tana kashe, kamar mai gadi wanda a ke ciyarwa ko da ɓarawo bai zo ba. Duk wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe mabuɗin sauran fasulla.

Fasali na biyu: mas'alar waya ta biyu

Wutar gida tana tafiya a kan waya biyu: mai kawowa, wadda masu wayarin ke kira layif, a ke rubuta mata harafin L, da mai mayarwa, wadda su ke kira nutural, a ke rubuta mata N. Ta uku ita ce wayar ƙasa, wadda aikinta tsaro ne kurum. A gidaje da yawa, bisa tsarin da aka gada daga Ingila, nutural tana tsayawa a wurin fitila can sama, layif kaɗai ke saukowa akwatin makunni ta koma. Makunni na gargajiya wannan ya ishe shi. Amma mai wayo, in irin mai bukatar nutural ne, ba zai ko motsa ba a cikin irin wannan akwati.

Saboda haka aikin farko, tun kafin a fitar da ko kwabo, shi ne a kira mai wayarin wanda ya san aikinsa, ya kashe wuta daga babban akwatin gida, ya buɗe makunni ya duba. Kada a dogara ga launi kaɗai. A tsohon tsari ja ita ce layif, baƙa nutural. A sabon tsari ruwan ƙasa ita ce layif, shuɗiya nutural. Duka biyun kuwa a na samunsu a gidajenmu. Sa'an nan sau da yawa baƙar wayar da ka gani a akwatin makunni layif ce mai komawa ga fitila. Awo da na'urar gwaji shi ke raba gardama.

In babu nutural, hanya uku ce. Ko a jawo ta daga fitila, wannan ya fi kyau in bututun waya yana da sarari. Ko a sa wani ɗan akwati mai wayo a can sama kusa da fitila, inda wayoyi biyun su ke, a bar makunnin bango yana ba shi umarni. Kamfanonin Sonoff da Shelly suna yin irinsa. Ko kuwa a sayi makunnin da aka yi don gidan da babu nutural. Shi wannan na ƙarshe yana rayuwa ne da ɗan tsiyayen wuta da ya ke bari ya wuce ta cikin ƙwan fitila ko da an kashe. Tsohon ƙwai mai zare ba ya nuna kome, amma ƙwan LED mai ƙaramin ci yakan yi ƙyaftawa, ko ya riƙa ɗan haske cikin dare kamar garwashin da bai mutu ba. Maganinsa kafasita ce, 'yar'uwar wadda a ke sa wa fanka, a ɗaura ta a wurin fitila tsakanin wayoyi biyun. Galibi tana zuwa cikin kwalin.

Tanbihi. Mai gina sabon gida ya umarci mai wayarin ya saukar da nutural zuwa kowane akwatin makunni tun kafin a yi shafe, domin kuɗin 'yar waya a yau ya fi sauƙi bisa fasa bango gobe. Kuma a gidan da aka raba layin inbata da layin wutar gari, kada a ari nutural daga wani layi a ba wani. Kowane makunni ya ci daga layin fitilarsa.

Tanbihi na biyu, wanda ya shafi rai. Kashe fitila da makunni mai wayo ba ya halatta taɓa waya. Wanda babu nutural yana tsiyayar da wuta kullum, sa'an nan wani yana iya kunnawa daga wayarsa alhali hannunka yana kan ƙarfe. Mai canza ƙwai ko gyaran fitila ya kashe daga babban akwati tukuna.

Fasali na uku: awo da nauyi

Wutar Nijeriya da Gana bolt 230 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa. Ta Nijar da Kamaru da Cadi ma kusan haka ta ke. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce, mai juyi 60. Don haka makunnin da aka yi wa gidajen Amurka kaɗai, in aka sa shi a bangonmu, ƙonewa zai yi, kome kyansa da tsadarsa. A duba kwali: wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240 shi ya fi dacewa da mu, domin yana jure wa raunin wuta sa'ad da ta zo ba ƙarfi.

Sai siffar akwati. A Nijeriya da Gana akwatin bango mai kusurwa huɗu ne irin na Ingila, fuskarsa milimita 86 kowane gefe. A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa galibi zagayayye ne. Na Amurka dogo ne siriri. Ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi ko Damagaram ya lura da wannan kafin ya yi oda. Har wa yau akwai zurfi: bayan makunni mai wayo yana da kauri, akwati mai zurfin milimita 16 ba ya ɗaukarsa, mai 25 yakan matse, mai 35 shi ne kwanciyar hankali.

Sai nauyi. Kowane makunni yana da iyakar kayan da ya ke ɗauka, kamar yadda jaki ya ke da nasa, raƙumi da nasa. Mai amfiya 10 a kan bolt 230 iyakarsa wat 2,300 a lissafi, amma fitilun LED suna fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko ta kunnawa, saboda haka masu gaskiya daga cikin kamfanoni sukan rubuta wa LED adadi dabam wanda ya gaza wancan nesa. Wannan adadi na biyu shi ne abin dubawa. In aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, ƙarafan ciki sukan manne, fitila ta ƙi mutuwa. Makunnin fitila kuma ba na injin jan ruwa ba ne, ba na na'urar sanyaya ɗaki ko ta dafa ruwa ba. Waɗannan suna da nasu manya.

Mai rage haske yana da sharaɗi biyu: ƙwan ya zama an rubuta masa cewa yana karɓar ragi, kuma kada a haɗa shi da fanka. A kan wutar ƙaramin janareta ko inbata mai araha, wadda juyinta ba sumul ba, yakan yi ƙugi fitila ta yi rawa. Gidan da yawancin wutarsa daga nan ta ke, makunni mai kunnawa da kashewa kaɗai ya fi masa.

Akwai kuma ƙwan fitila wanda shi kansa ne mai wayo. Aibinsa shi ne da zarar yaro ya kashe makunnin bango, ya kurumce, ba ya jin kiran kowa. A gida mai jama'a, sa wayon a bango ya fi sa shi a ƙwai.

Fasali na huɗu: harshen da ya ke ji, da wanda ke riƙe da ragama

Waɗannan makunnai ba harshe ɗaya su ke ji ba. Mafi yawa a kasuwa shi ne mai Wi-Fi, domin ba ya bukatar kome sai na'urar intanet ta gida. Galibinsu zangon 2.4 GHz kaɗai su ke ji, ba sa jin na 5 GHz, wannan kuwa shi ne sababin da ya sa mutane da yawa ke kasa haɗawa tun ranar farko. Kowane makunni yana magana da na'urar kai tsaye, don haka wanda ya yi nisa, ko katanga mai kauri ta shiga tsakani, sai ya riƙa ɓacewa. Ƙaramar na'urar aljihu kuma tana da iyakar adadin da ta ke ɗauka.

Na biyu shi ne Zigbee. Misalinsa kamar ayarin fatake ne: akwai madugu, watau wani ɗan akwati da a ke saya dabam, shi ke riƙe da umarni, sa'an nan makunnai suna miƙa wa juna saƙo daga zango zuwa zango har ya kai sashen da ya fi nisa. Wannan ya dace da babban gida mai zaure da shigifa da sassa da yawa, cinsa na wuta kuma bai kai na Wi-Fi ba. Sai dai a sani, galibin waɗanda babu nutural ba sa miƙa saƙo, karɓar nasu kaɗai su ke yi. Na uku shi ne Z-Wave, wanda zangonsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, na Turai ba ya jin na Amurka. Mai sayensa ya tabbata madugu da mabiya daga yanki ɗaya su ke.

A watan Oktoba na 2022 manyan kamfanoni, cikinsu har da Apple da Google da Amazon da Samsung, suka fito da wata yarjejeniya mai suna Matter, don kayan wannan kamfani su ji maganar na wancan, kuma umarni ya riƙa tafiya a cikin gida ba sai ya fita waje ba. Makunnin da ke ɗauke da tambarinta ya fi kusa da zama mallakar mai shi.

A nan ne zuciyar mas'ala ta ke. Da yawa daga makunnai masu araha, in ka danna a wayarka, umarnin yakan fita ta intanet ya tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, sa'an nan ya dawo ya kunna fitilar da ke bisa kanka. In data ta ƙare, ko kamfani ya rufe, wayon ya tafi. Wannan ya taɓa faruwa. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai bayan kamar wata biyu waɗansu daga cikin masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka tayar da shi. A 2020 kamfanin Wink ya ɗora kuɗin wata-wata a kan abin da mutane suka saya bisa cewa babu biya. A 2025 kuma kamfanin Belkin ya sanar da janye hidima daga yawancin kayansa na Wemo. In haka ta sami mutanen ƙasar da kamfanonin su ke, ina ga wanda ke Kano ko Zariya? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Bayan an kafa guda ɗaya, a cire intanet a bar na'urar gida a kunne, a gwada abu uku: hannu, waya, da lokacin da aka yanka. Wanda ya ci uku ya cika. Wanda ya ci hannu kaɗai, a san iyakarsa. Wanda ya faɗi a hannu, a mayar wa mai shi. Masu ilmin kwamfuta suna da wata manhaja ta kyauta mai suna Home Assistant, wadda aka fara a 2013, tana zama a cikin gida ta riƙe ragamar duka. Amma tana son mai kula da ita, ba ta kowa ba ce.

Fasali na biyar: yadda a ke saitawa

Abu na farko, halinsa in wuta ta dawo. A cikin manhaja akwai wurin da a ke zaɓar ɗaya daga uku: ya tashi a kashe, ya tashi a kunne, ko ya koma yadda ya ke kafin a ɗauke. A ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba wannan ƙaramin abu ne, a wurinmu kuwa shi ne babba. Ɗakin kwana a sa shi a kashe, don kada haske ya tashi jariri da tsakar dare. Shago da rumbun kaya a sa su a kashe, domin ba a son wuta ta shiga inda babu idon kowa. Ƙofar gida da zaure da matakala a sa su su koma yadda su ke. Makunnin da ba shi da wannan zaɓi bai dace da ƙasarmu ba.

Na biyu, kariya. Dawowar wuta da ƙarfi, da tsawa lokacin damina, suna kashe 'yar ƙwaƙwalwar nan da sauri fiye da yadda su ke kashe ƙwai. A sa na'urar tare hauhawar wuta a babban akwati. A ɗora na'urar intanet da madugu a kan batir ko inbata, domin yawancin makunnai daga gare su su ke sanin ƙarfe nawa. Kuma da yawa, in lokacin da aka yanka ya wuce babu wuta, ba sa ramawa in ta dawo.

Na uku, lokaci. A tabbata an sa agogon ƙasarmu da sunan garinmu. Agogon Sin yana gaban namu da sa'a 7, wanda ya bar shi a kan na Sin, fitilar da ya nufa da ƙarfe 6 da rabi na yamma za ta kama da ƙarfe 11 da rabi na hantsi. Sa'an nan a ɗaura fitilun waje ga faɗuwar rana da fitowarta maimakon ƙarfe kaza, domin a Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, amma a Yuli sai kusan ƙarfe 7. Fitilar alwala da ta makarantar allo a sa ta kama kafin alfijir gwargwadon al'adar wurin. Amma kada kowa ya mai da kamawar fitila hujjar shigar lokacin salla ko buɗa baki. Wannan aikin ladan ne da masana lokaci, na'ura kuwa tana kuskure ba ta sani ba.

Na huɗu, suna. A ba kowane makunni sunan wurinsa, zaure, tsakar gida, madafa, turaka, don kada a kashe wa mai karatu fitila da nufin kashe ta waje.

Na biyar, sirri. A canza kalmar sirrin da kaya ya zo da ita tun ranar farko. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, mafi yawa kyamarori da na'urorin intanet, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masu su ba su canza ba. Kuma mai wayarin ya haɗa kayan da asusun mai gida, ba da nasa ba, domin mai asusu shi ne mai mabuɗi, yana kuma ganin lokacin kwanciyar gida da tashinsa da ranar da aka yi tafiya. Wanda ya ƙara da na'urar da a ke yi wa magana da baki, ya sani ya sa kunne a ɗakinsa, ya zaɓa mata wuri da hankali.

Na shida, haƙƙin iyali. Kowane ɗaki mai shi ya fi cancanta da fitilarsa. Bai kamata mai gida ya zauna a kasuwa yana kashe wa iyalinsa haske don ya ga yunit yana tafiya ba. Tsoho da baƙo da yaro da wanda ba shi da babbar waya, duka su sami abin dannawa a bango wanda ke aiki kamar yadda suka saba.

Fa'ida. Akwai na'urar da ke kunna fitila in ta ji motsin jiki mai ɗumi. Tana da kyau a makewayi da lungu da bakin ƙofa. Ba ta da kyau a ɗakin karatu, domin mai nazari in ya natsu sai ta ɗauka babu kowa ta bar shi cikin duhu. Akuya da kyanwa suna tayar da ita, kuma da bazara, sa'ad da zafin gari ya kusanci zafin jiki, jinta yakan ragu.

Fasali na shida: lissafin riba da hasara

Masu talla suna cewa makunni mai wayo yana rage kuɗin wuta. Wannan gaskiya ne a wani wuri, ba gaskiya ba ne a wani. Mu ɗauka makunni yana cin wat 1 don rayuwarsa, wanda shi ne kusan cin mai Wi-Fi. In wuta ta tsaya shekara cur, ya ci yunit 8.76. A farashin naira 225 da aka sa wa rukunin Band A a watan Afrilu na 2024, wannan ya kama naira 1,971, guda goma kuwa naira 19,710. Ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi sa'a 2 da minti 24 yana ci kafin ya cinye abin da makunnin ke ci a yini da kwana. Ashe ke nan sa shi a ɗakin da ƙwai ɗaya ne, kuma mai ɗakin ba ya mantuwa, ƙari ne a kan kuɗi. Amma fitilu biyar na waje masu wat 10, waɗanda a ke mantawa sa'a 3 kowace safiya, suna ɓarnar yunit 54.75 a shekara. A nan makunni ya biya kansa. Haka fitilun harabar masallaci da makaranta, waɗanda kuɗinsu amana ce ta jama'a. Mai sola kuma ya tuna, abin da makunnai ke ci da dare daga batir ya ke fita.

Ya zo a cikin Sahihul Buhari da Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kashe fitilu lokacin barci, aka kuma ambaci dalili, watau ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bayyana a sharhinsa cewa fitilar da aka amince wa gobararta babu laifi a bar ta, domin dalilin ya kau. Daga nan mai hankali zai fahimci abu biyu: fitilar tsaro a ƙofar gida babu laifi ta kwana, amma wayarin mara kyau da makunnin jabu su ne ɓeran wannan zamani, hanin almubazzaranci kuma yana nan daram ko da an amince wa gobara.

Fasali na bakwai: nasiha ga 'yan kasuwa

Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da mu ke karantawa a zaurukanmu, ya kawo haramcin algus da yaudara da ɓoye aibi a babin ciniki. Aibin wannan kaya ba a ganinsa da ido, saboda haka nauyin bayani ya fi ƙarfi a kan mai sayarwa. Ya gaya wa mai saye ko makunnin yana bukatar nutural, ko yana bukatar madugu, ko wayonsa yana tsayawa in babu intanet, da iyakar nauyin da ya ke ɗauka. Wanda ya yi shiru a kan waɗannan alhali ya sani, ya sayar wa ɗan'uwansa biri a sama.

Mai sarin kaya kada ya cika kwantena kafin ya gwada samfuri a kan wutar gari da ta janareta da ta inbata. Ya nemi takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, kada tambarin da aka buga a kwali ya ishe shi, domin buga tambari ba wuya. Ya tsaya a kan iri ɗaya ko biyu waɗanda ya sani, ya ajiye kafasita da madugu na canji, ya yi sharaɗin mayarwa a fili. Ya kuma haɗa kai da mai wayarin amintacce, domin kaya mai kyau a hannun wanda bai iya ba, sunan mai shago ya ke ɓatawa. Araha ba ta ado, balle a abin da ke kwana da wuta a cikin bango kusa da 'ya'yan mutane.

Kammalawa

Wanda ya yi nufin shiga wannan al'amari ya fara da makunni ɗaya a fitilar ƙofar gida, ya zauna da shi wata guda, ya ga halinsa in an ɗauke wuta da in an dawo da ita, da in data ta ƙare. In ya gamsu ya ƙara a inda lissafi ya nuna amfani, ya bar sauran ɗakuna da makunninsu na da, domin babu aibi a cikinsa. Tambayoyin da zai riƙe a bakin shago huɗu ne: Yana aiki da hannu in babu intanet? Akwai nutural a bangona, ko shi ba ya bukatarta? Me zai yi in wuta ta dawo? Asusun wa ke riƙe da shi? In an amsa masa huɗun nan da amsa mai gamsarwa ya saya, in an yi masa kwana-kwana ya riƙe kuɗinsa.

Allah ya tsare gidajenmu da kasuwanninmu daga gobara, ya sa albarka a cikin cinikinmu, ya haskaka zukatanmu da ilmi mai amfani. Allah shi ne Mafi sani. Haza wassalamu.